Yaron Da Babu Mai Boko A Gidansu: Wa Zai Zame Masa Maigida A Hanyar Jami'a?

   

'Yan'uwa Musulmi, sakamakon jarrabawar bak ya fito kamar yadda ya saba fitowa a watan Yuli. An yi murna a gidaje da yawa a Paraku da Jugu, an yi sadaka, an kai yara wajen malamai an sa musu albarka. Kuma murnar tana bisa hanya. Wanda ya tuna shekarar 2016, lokacin da kusan kashi 30 cikin ɗari kaɗai suka ci a duk faɗin Benin, ko 2018 da aka samu ɗaya cikin uku, ya san an matsa gaba, domin a 2021 da 2023 waɗanda suka ci sun haura kashi 60 cikin ɗari, alhali masu zama jarrabawar sun wuce 70,000 kowace shekara.

Sai dai yawan masu ci ya ɗauke matsalar daga inda take ya kai ta gaba. Da can bak ɗin ce katanga. Yanzu yara da yawa suna tsallake ta, su tarar da wata a bayanta: wane fanni za a ba ni, da tallafin gwamnati ko da kuɗin mahaifina, a wane gari, a ɗakin wa zan kwana? Jami'o'in gwamnati huɗu ne tun bayan gyaran 2016: ta Abome-Kalabi kusa da Kwatano, tamu ta Paraku wadda aka buɗe a 2001, ta kimiyya da fasaha mai cibiya a Abome, da ta aikin gona. Guraben fannonin da kowa yake so, kamar likitanci da ƙididdiga da injiniya, ba su ƙaru yadda masu cin bak suka ƙaru ba. Gasar ta tsananta ke nan, kuma idan gasa ta tsananta wanda ya san hanya shi yake riga isa.

Yaron da nake nufi kun san shi, yana sahu tare da mu. Mahaifinsa yana da rumfa a kasuwar Arzeke, ko yana noman doya da masara a Turu, ko yana tuƙa babur ɗin haya. Mahaifiyarsa tana sayar da koko ko wake da shinkafa. Wataƙila uban ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi har da Risala, malami ne a fagensa, amma bai taɓa zama a ajin boko ba, kuma babu wani wa ko kawu a gidan da ya taɓa shiga jami'a. Yaron nan shi ne na farko. Talauci yana damunsa, wannan kowa ya gani. Abin da ba a cika gani ba shi ne babu wanda zai tambaya. Ɗan malamin lise ko ɗan ma'aikacin asibiti yana jin zancen fannoni da maki da tallafi a bakin akushi tun yana ƙarami, ba tare da ya san yana koyon wani abu ba. Wancan kuwa sai ya yi karo da ƙofa sa'an nan yake sanin an rufe ta.

Kakanninmu sun san wannan matsala a wani fage, kuma sun yi maganinta. Garuruwan nan namu a kan hanyar fatake suka girma, hanyar goro da ta taso daga Kano da Sakkwato ta bi ta Nikki da Paraku da Jugu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Falke da ya iso Jugu bai san harshen gari ba, bai san farashi ba, bai san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba shi ba. Don haka ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Yakan sauka wajen maigida a zango, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya gaya masa ranar da ya kamata ya sayar da ranar da ya kamata ya jira. Ba dukiya maigida yake ba falke ba, domin falke da dukiyarsa ya zo. Sanin gari yake ba shi. Ɗalibinmu na farko falke ne da ya iso da kayansa, wato ƙwaƙwalwarsa da ƙoƙarinsa, kasuwar da ya shigo kuwa da Faransanci ake ciniki a cikinta, ta intanet, da ranakun da idan sun wuce sun wuce. Mu jikokin masu masauki ne, amma mun bar shi a bakin kasuwa.

Bari in bi hanyar daki-daki, domin yawancin iyaye suna zaton a tarminal ake yanke hukunci. An yanke shi tun da daɗewa. A ajin katiriyam, shekara ta uku a kwaleji, yaro yana da shekara 13 ko 14, ake raba ɗalibai gida biyu: masu ci gaba da kimiyyar fizik da kemistiri, da masu ɗaukar wani harshe na biyu, Jamusanci ko Sifaniyanci. Bayan BEPC kuma a shiga seri: A ta adabi da harsuna, B ta tattalin arziki, C ta lissafi mai zurfi, D ta kimiyyar halittu, ga kuma na fasaha da kasuwanci. Likitanci a Jami'ar Paraku sai mai bak C ko D. Yaro mai kan lissafi da ya bi abokansa zuwa ajin Sifaniyanci don an ce ya fi sauƙi, ko don malamin fizik yana da zafi, ya rufe wa kansa ƙofar likitanci da injiniya shekara biyar kafin ya san akwai ƙofar. Uban da zai hana shi bai san an yi zaɓin ba, don takardar da aka kawo masa ya dangwala hannu ba da harshen da yake karantawa aka rubuta ta ba. Ba ina raina seri A ba ne, muna bukatar lauyoyi da malaman makaranta da 'yan jarida. Ina cewa ne zaɓi sai da sani, wanda aka yi shi cikin duhu kuwa faɗawa ce.

Sai batun takardu, wanda yake kama da ƙaramin abu har ranar da zai hana yaro zama jarrabawa. Suna ɗaya a wajenmu yana da rubutu uku ko huɗu a wajen ma'aikata: an rubuta Mouhamadou a takardar haihuwa, Mohamed a shaidar CEP, Mamadou a rajistar kwaleji. Ranar haihuwa ma haka, musamman ga wanda aka haifa a gida aka yi masa takarda daga baya. Tun da aka yi rajistar jama'a ta RAVIP a 2017 zuwa 2018, hukumar ANIP ta zama ita ke ba da takardar haihuwa da lambar shaida, an daina kau da kai daga irin wannan saɓani. Gyaransa yana yiwuwa, amma yana cin watanni, ba a fara shi a makon da za a rufe rajistar bak. Akwai kuma iyakar shekaru a wasu makarantu da gasannin shiga, abin da yakan faɗa kan yaranmu da suka fara da allo suka shiga boko a makare.

Bayan an ci bak sai zaɓen fanni, wanda yanzu ta intanet ake yi a dandalin apresmonbac.bj, cikin kwanaki ƙididdigaggu. A nan ne aka fi asarar yara masu ƙoƙari. Ba jimillar makin bak kaɗai ake dubawa ba. Kowane fanni yana da darussan da ya ɗauka da muhimmanci, da su ake jera ɗalibai, kuma ma'aikatar ilimi mai zurfi tana fitar da littafin jagora da ya bayyana wannan tare da adadin gurabe. Wanda ya zo sama ya samu tallafin gwamnati cikakke, na bayansa ya samu ɗan agaji, na bayansa kuma ya biya daga aljihunsa. Yaron da babu mai ba shi shawara yakan je shagon intanet, ya cika dukkan zaɓinsa da fannonin da suka fi kowane tsada da cunkoso don sunansu yana da daɗi a kunne, ko ya bar mai shagon ya zaɓa masa. Sakamako ya fito ba shi da tallafi ko ɗaya, alhali da makin nan nasa akwai fanni mai amfani da zai samu a cikinsa har da kuɗin wata. Sa'a biyu tare da wanda ya karanta littafin jagoran ta isa ta sauya wannan. Sa'a biyu, 'yan'uwa, ba miliyan biyu ba.

Amma kuɗi ma yana nan, kada a ce na manta. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 52,000 ne a wata tun Janairun 2023, kuma da yawa daga cikin iyayen da muke magana a kansu ba su da albashin ma. A shekarar nan ta 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin man bakin titi ya tashi, kuɗin hawa babur ya bi shi. A watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta daɗe a rufe, duk wanda abincinsa yake kan manyan motocin da ke bi ta Paraku ya ji a jikinsa. A cikin wannan hali ne ake neman uba ya biya kuɗin ƙarin darasi na ranar Asabar, wanda a aikace ya zama rabin karatun tarminal, ya sayi littattafan tsofaffin tambayoyi, ya biya kuɗin rajista. Ɗan Turu yana iya kwana a gida ya riƙa shigowa, kuɗin babur na kullum ya cinye shi. Ɗan Jugu, mai nisan sama da kilomita 130, dole ya nemi ɗaki. Wanda aka tura Kalabi, kimanin kilomita 400, ya shiga wata duniya. Ɗakunan kwana na jami'a ba sa isa. Na san yara da suka ci bak da maki mai kyau, suka samu gurbi, suka koma gida a wata na huɗu saboda haya da abinci, ba saboda sun kasa karatun ba.

To, mene ne hukuncin wannan a kanmu? Malamai sun raba ilimi zuwa wanda yake farilla a kan kowane mutum da wanda yake farilla ta kifaya, wato idan wasu suka ɗauke ta faɗi daga kan saura, idan aka rasa mai ɗauka kowa ya yi laifi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya sa likitanci da lissafi a kashi na biyu, har ya yi kuka da mutanen zamaninsa cewa sun yi cunkoso a kan rassan fiƙihu sun bar garuruwa babu likita Musulmi. Shekara ɗari tara ke nan da wannan kuka, kuma wanda ya taɓa neman likita mace ta duba matarsa a ƙauyukan Borgu ko Donga ya san bai tsufa ba. Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar wasu kamammun Badar, ya kuma umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin bukatar al'umma. Ƙa'ida kuma sananniya ce a usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan samar da likita wajibi ne a kan jama'a, to nuna wa yaro ƙofar seri D da biya masa haya suna cikin wajibin.

Kan zakka kuwa, a nan muke yin abin mamaki. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, kuma mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci da ita. Ɗalibi matalauci wanda mahaifinsa ba ya iya ɗaukar nauyinsa yana cikin kashi na farko kai tsaye, ba sai an yi tawili ba. A mazhabar Imamu Malik an halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara guda. Mu kuwa mukan farfasa zakkar attajiri ɗaya zuwa ɗari biyar-biyar, a tara mutane a ƙofar gida, kowa ya karɓi abin da ba zai kai shi jibi ba. Kuɗin nan da an damƙa shi ga yara uku ko huɗu da ya riƙe su shekara. Zakkar hatsi ma haka. Buhun masara ko na shinkafa da manomin Turu ya fitar, idan aka mallaka wa ɗalibai matalauta, ya kai inda Allah Ya ce a kai shi, kuma ya kashe rabin abin da ke korar su daga jami'a.

Masauki kuma aikin waƙafi ne, kuma ba sabon abu ba ne gare mu. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba wani alƙali Bamalike a Masar, Ibn Rashiƙ, kuɗi ya gina makaranta da ta zama masaukin mutanensu, suka riƙa aika mata da kuɗi. Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru da tsarin ruwaƙai, kowace ƙasa da sashenta, ɗalibi ya samu wurin kwana da gurasar yau da kullum daga waƙafi, har da ruwaƙin Barnawa. Mu da muka yi karatu a waje mun san abin da ya riƙe mu a watannin farko: wani ɗan ƙasarmu da ya riga mu zuwa, ya tarye mu, ya kai mu ofis-ofis, ya gaya mana malamin da za mu zauna gabansa. A Paraku akwai unguwannin da masallatai biyu suke kallon juna, ladan yana jin numfashin ɗan'uwansa a lasifika, ga na uku ana aza harsashinsa. Allah Ya saka wa masu ginawa. Amma gida mai ɗaki goma kusa da jami'a, da takardar mallakar fili a rubuce da sunan waƙafi don kada magada su tayar da shi, da dattijo mai lura da yaran, shi ma sadaka ce mai gudana. Kawai dai ba shi da hasumiya da za a hango daga nesa.

Wasu ƙasashe sun mayar da aikin maigida doka. A Amurka akwai shirin Upward Bound tun 1965, wanda gwamnati ke biya, jami'o'i suna gudanarwa. Sharaɗinsa shi ne kashi biyu cikin uku na yaran su kasance 'ya'yan talakawa kuma waɗanda iyayensu ba su gama jami'a ba. Ana ɗaukar su tun farkon sakandare, a yi musu ƙarin darasi cikin shekara, a kai su harabar jami'a kimanin mako shida lokacin hutu, a zauna da su a cike takardun nema. Abin lura shi ne sun gane rashin wanda ya riga ka a gida matsala ce mai zaman kanta ban da talauci, kuma ba sa jira sai ajin ƙarshe. Kusa da mu, Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, aka riƙa tsamo yara da jarrabawa tun suna tsakiyar sakandare, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano daga can suka fito. Ba mu da baitulmalin Amurka ko na Kano. Amma muna da malaman lise da suke salla a bayanmu, da likitoci, da ɗaliban shekara ta uku da ta huɗu, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta ACEEMUB, da farfajiyar masallaci mai fitila wadda take zama fanko tsakanin Isha'i da Asuba alhali yaro yana karatu da hasken waya a gida.

Ina da gargaɗi ga duk kwamitin da zai ɗauki wannan aiki. Kada a tambayi yaro ko mahaifinsa ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala, ko Bahaushe ne ko Dandi ko Bariba ko Bafulatani. Ranar da aka yi wannan tambaya aikin ya mutu, ya koma farautar mabiya. Kada kuma a tsayar da yaro gaban jama'a ranar Juma'a ana kiran sunansa da na ubansa ana ɗaukar hoto don buhun shinkafa. Alƙur'ani ya yi hani ga ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma saurayi ɗan shekara 18 zai gwammace yunwa da wannan. Sa'an nan kada a tsaya kan na ɗaya da na biyu a aji kaɗai. Mai maki 16 gwamnati za ta gan shi. Wanda yake bukatarmu shi ne mai 11 wanda da ƙarin darasi na wata shida zai kai 12 ko 13, ya tsallaka daga sahun masu biya zuwa sahun masu tallafi.

'Ya'ya mata suna da nasu ƙarin nauyi. Gwamnati ta ɗauke musu kuɗin makaranta a zangon farko na sakandare, shi ya sa suke da yawa har BEPC, daga nan sahu ya fara raguwa. Uban da ya ƙi tura 'yarsa Kalabi ba kullum ne maƙiyin ilimi ba. Sau da yawa tsoro yake ji, bai san inda za ta kwana ba, kuma tsoronsa yana da tushe. Wa'azi ba zai cire masa shi ba, gidan kwana amintacce ƙarƙashin kulawar malamai mata shi zai cire. Haka nan ɗaliban makarantunmu na Arabiyya. Nijar ta daɗe da shigar da makarantun Faransanci da Larabci cikin tsarin gwamnati, Senegal ta fara bak ta Larabci a 2013. Mu a nan, yaron da ya gama sanawiyya ba tare da bak ta gwamnati ba, hanyarsa ita ce Say ko Azhar ko Madina, gurabensu kuma kaɗan ne, in ya dawo ga wahalar daidaita shaida. Masu makarantun nan, kuma da yawansu abokaina ne, wajibi ne su gaya wa iyaye wannan tun ranar rajista, su kuma shirya yaran da suke iyawa su zauna BEPC da bak.

Ba kowane yaro ne zai je jami'a ba, gwamnati ma yanzu ta fi karkata ga makarantun fasaha da sana'a, kuma maigida na gari yakan gaya wa falke cewa kasuwar gaba ta fi dacewa da kayansa.

Ku kuma ɗalibai da kuka riga kuka shiga, musamman waɗanda kuka kasance na farko a gidajenku, kun san ramukan da kuka faɗa. Kowannenku ya ɗauki ƙane biyu daga kwalejin unguwarsu, ɗaya a katiriyam ɗaya a tarminal. Limamai kuma su riƙe lokuta uku: farkon shekarar karatu, a tara iyaye a bayyana musu seri da Hausa da Dandanci, kafin buɗe rajistar jarrabawa, a duba takardun haihuwa ɗaya bayan ɗaya, da makon da za a buɗe dandalin zaɓen fanni, a ajiye kwamfuta ko da guda biyu a farfajiyar masallaci da wanda ya karanta littafin jagora. Na ukun shi ne ya fi kusa, domin yaran da suka ci bak bana suna gab da zaɓe.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka.